Hoto ko zanen hannu? Kafin ka rataya tsohon ginin gwamnatin Legas a bango

Kawuna ya yi shekara arba'in da ɗoriya a Ikko. Akawu ne a ma'aikatar gwamnatin tarayya tun zamanin da Legas ce hedikwatar ƙasa. Da aka kwashe kujerar mulki zuwa Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, shi bai bi ayari ba, ya yi zamansa a Obalende har ya ajiye aiki, ya aurar da 'ya'ya, furfura ta gama kai. Bana ya ce gida zai koma. Sai 'ya'yansa suka haɗa kuɗi, suka ce a samo masa siffar ɗaya daga cikin gine-ginen da ya yi ta shiga da fita a zamanin ƙuruciya, ya rataya a falonsa can Arewa. Ni aka ɗora wa nauyin, wai don ina hulɗa da masu maɗaba'a a Shomolu. Na ɗauka aikin yini guda ne. Sai da na shafe wata biyu ina kai da kawowa tsakanin mai hoto, mai zane da mai firem, har na san abin da zan iya gaya wa wanda zai yi irin wannan hidima, ko don kyauta, ko don kalandar ƙungiya, ko don ofis.

Tambaya biyu ce a ƙulle wuri guda: da me za a fito da ginin, kuma wane gini. Ba a raba su, domin akwai ginin da hoto ya ishe shi, akwai wanda in ba alƙalami ba babu mai iya dawo da shi.

Da hoto na fara, don shi ne mai araha, shi ne mai sauri, kuma shi ne wanda ba a yi masa gardama. Ka ɗauka yau, gobe a wanke, jibi yana cikin gilashi. Amma duk wanda ya taɓa ɗaga kyamara a tsibirin Legas ya san wahalar. Titunan matsattsu ne, babu inda za ka ja da baya ka kama ginin gaba ɗaya. In ka matso ka ɗaga kyamarar sama, sai ginin ya fito kamar zai kife ta baya, ƙasansa da faɗi, samansa a tsuke. Ga wayoyin lantarki sun yi saƙar gizo-gizo, ga motocin haya na danfo sun jeru, ga allunan talla, ga dogayen benayen bankuna sun danne tsohon gini ya zama kamar yaro a taron manya. Sannan ga masu gadi. Mai hoton da na ɗauka mun je wani gini da sassafe ranar Lahadi don mu tsere wa cunkoso, ko minti biyar ba mu yi ba aka tare mu da tambayar wa ya ba mu izini. Da gaskiyarsu, ginin gwamnati ne.

Babbar matsalar hoto ba ita ce wannan ba. Hoto yau kawai ya sani. Marina da Kawu ya fara gani ba ita ce ta yanzu ba. A da titin a bakin ruwa yake, daga baya aka cike gaɓar da yashi aka shimfiɗa manyan hanyoyi, ga kuma jirgin ƙasan Blue Line da ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a Satumba 2023, gadarsa ta ratsa sama. In ka kai wa dattijo hoton wurin na bana, zai duba ya ce an gode, amma ba inda ya sani ba ne.

Wani zai ce to a nemo tsohon hoto mana a faɗaɗa. Na gwada. Yawancin waɗanda ke yawo a intanet ƙanana ne, an yi ta tura su daga waya zuwa waya har sun rame. Maɗaba'a tana son ɗigo 300 a kowane inci kafin bugu ya fito tas. Takardar A2, wadda faɗinta santimita 42 ne tsawonta 59.4, tana buƙatar hoto mai ɗigo kusan 5,000 a faɗi da 7,000 a tsawo. Abin da aka turo maka ta WhatsApp ko kusa bai kai haka ba. Da muka buga gwaji, tagogin ginin suka narke kamar an zuba wa rubutun allo ruwa. Kuma tsohon hoto yana da mai shi. Kasancewarsa a intanet bai mayar da shi na kowa ba.

Nan ne zanen hannu ya shigo. Mai zanen da aka haɗa ni da shi matashi ne, ya yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yanzu yana zaune a Agege. Da na gama kora masa bayani sai ya ce, "Yaya, kyamara duk abin da ke gabanta take kwasowa, ni kuwa abin da ka aike ni shi zan ɗauko." Haka ɗin ne. Zai cire wayoyi, ya kawar da motoci, ya miƙar da bango, ya tsaya a inda kyamara ba za ta iya tsayawa ba, kamar a ce yana cikin kwalekwale a tsakiyar ruwa yana hangen Marina. Zai iya haɗa tsoffin hotuna uku marasa kyau, ya fitar da zane guda mai kyau.

Sai dai inda amfanin yake nan haɗarin yake. Wanda zai iya cire waya zai iya ƙara taga. Na ga zanen wani gini a wajen masu sayar da kayan ado, ya yi kyau ƙwarai, amma da na riƙe shi kusa da hoton ginin sai na ga an rage masa ginshiƙai, an ƙara wa rufin tudu don ya fi ban sha'awa. Baƙo ba zai kula ba. Wanda ya yi shekaru yana hawa wannan matakala zai gane tun daga bakin ƙofa. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai zane ba ta farashi ba ce. Tambaye shi: zai je wurin da ƙafarsa? Da waɗanne hotuna zai yi aiki? Ya ƙirga tagogi? In ya ce ai ya san ginin a ka, gode masa ka yi gaba.

Shi ma zanen ba iri ɗaya ba ne. Akwai na alƙalami da baƙar tawada, akwai na fentin ruwa, akwai wanda ake yi a kwamfuta. A nan na fi daɗewa ina jinkiri.

Zanen tawada shi ya fi dacewa da gini mai ƙananan ayyuka: jerin bulo, bakan ƙofa, ƙarfen baranda, inuwar da ke ƙarƙashin rufi. Layi ne kan layi, inda ake son duhu a cusa su, inda ake son haske a bar farar takarda. Yana cin lokaci, makonni ba kwanaki ba, kuma in hannu ya zame ba a gogewa. Amma yana da ƙarko. Tawadar da masu zane ke amfani da ita baƙinta na kunkunniya ne, dangin tawadar allo da muka sani, bambancin kawai tasu an haɗa ta da abin da ke hana ruwa wanke ta in ta bushe. Rana ba ta cika kashe irin wannan baƙin ba. Ga shi kuma yana da sauƙin bugu: launi ɗaya ne, ko ƙaramar maɗaba'a za ta fitar da shi da kyau, a kan kalanda, a kan katin gayyata, har a bangon littafi.

Fentin ruwa shi ne mai daɗin ido. Shi ke kawo jan bulo da sanyin safiya da hazon da ke kan ruwa. Abin mamaki, da ƙaro ake ɗaure launinsa, ƙaron nan namu da ake ɗiba a dazukan Arewa maso gabas. Amma ɗan lele ne. A Legas danshi ke cinsa: takarda ta kumbura ta yi tudu da kwari, funfuna ta fito mata ɗigo-ɗigo, musamman in an rataya shi a bangon da ruwan sama ke duka ta waje. A Arewa kuma rana ce abokiyar gabarsa. In hasken taga yana sauka kansa kullum, wasu launukan za su kwanta tun ba a je ko'ina ba, ga ƙurar hunturu da ke shiga ta ko'ina. Wanda ya nace sai shi, ya tabbata an yi a kan takarda mai kauri, irin mai nauyin giram 300, kuma mai firem ya sa kwali tsakanin takardar da gilashi don kada su manne. Wajen bugu ma yana da rigima: jan da ka gani a takarda ba lalle shi ne zai fito daga inji ba, sai an yi gwaji an sake.

Na kwamfuta kuwa, in mutum ne ya zauna ya ja layukan da hannunsa a kan allon zane, ba ni da ƙorafi. Ya fi sauƙin gyara, ana iya faɗaɗa shi ya cika bangon zauren taro bai dushe ba, funfuna ba ta cin fayil. Don kalanda ko tambarin ƙungiya shi ne mafi sauƙin sha'ani. Abin da ya rasa shi ne babu na asali. Kwafi na ɗari da na farko duk ɗaya ne, kuma kyautar girmamawa tana son abin da za a ce wannan shi kaɗai ne.

Wanda nake jan kunne a kansa shi ne zanen da manhaja ke ƙagowa da kanta in ka rubuta mata suna. Wani ƙanena ya gwada mana a wayarsa, cikin ƙiftawar ido ta fito da gini mai hasumiya da bishiyoyin kwakwa, gwanin kyau. Matsalar ɗaya ce: babu wannan ginin a Legas. Akwai masu karɓar kuɗin zanen hannu su kawo maka irin wannan. Maganinsu ka ce a nuna maka zanen fensir na farko.

To wane gini?

In don kyan zane ne, ban ga na biyun tsohuwar Sakatariya da ke Marina ba. An gina ta a 1906, shekarar da aka haɗe mulkin Legas da na Kudancin Najeriya a ƙarƙashin Gwamna Walter Egerton, shekara takwas kafin haɗewar Kudu da Arewa ta 1914. Ginin jan bulo ne mai tagwayen hasumiya da dogayen barandu, irin ginin da aka yi don iska ta ratsa tun kafin zuwan na'urar sanyaya ɗaki. Duk abin da alƙalami ke so yana nan: maimaituwar baka, inuwa mai zurfi, tsari mai daidaito dama da hagu. Hoto yana cutar wannan ginin saboda matsi da katanga da maƙwabtansa dogaye. Tawada tana fito da shi. In aka ɗan shafa jan fenti sama-sama a kan bulon bayan an gama aikin tawada, an jefi tsuntsu biyu ke nan.

Zauren birni, wato City Hall da ke titin Catholic Mission, shi ne ainihin gidan mulkin birnin. Tarihinsa ya haɗa da majalisar gari da aka kafa a 1917 da kuma magajin garin Legas na farko, Dakta Ibiyinka Olorun-Nimbe, wanda ya hau a 1950. Amma ginin na zamani ne, layukansa miƙaƙƙu, bangonsa sumul. Mai tawada ba shi da abin yi da yawa a kansa, zanen kwamfuta ya fi karɓarsa. Yana cikin gine-ginen da aka cinna wa wuta a tarzomar Oktoba 2020, tare da Babbar Kotun Igbosere. Ita kotun, wanda ke son ganinta yadda take a da, zaɓi ɗaya gare shi: tsoffin hotuna da hannun mai zane. Lauya ko tsohon ma'aikacin shari'a da za a yi wa kyauta, nan ne kuɗin zanen hannu ya fi halatta, don babu kyamarar da za ta ɗauko abin da ya riga ya tafi.

Dandalin Tafawa Balewa shi ne wanda zuciyar ɗan Arewa ta fi karkata gare shi, ko don sunan. A nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore-fari-kore a daren shiga 1 ga Oktoba 1960, kuma tsohon ginin majalisar tarayya yana gefensa. Sai dai akwai abu biyu da za a lura. Na farko, a 1960 filin sukuwa ne. Dandalin da muke gani da manyan matakalan zama an gina shi ne a 1972. In kana son ranar 'yancin kai, kada mai zane ya sa maka ƙofar yanzu, ya haɗa zamani biyu a takarda ɗaya. Na biyu, ita ƙofar da kowa ya san dandalin da ita gumakan fararen dawaki ne huɗu sun yi tsaye da ƙafafun baya, da jajayen gaggafa a sama. Mutanenmu da yawa ba sa rataya siffar mai rai a ɗakin da suke salla. Matar Kawu tun kafin in rufe baki ta ce, "A'a ɗan nan, ban da dawaki." In ka cire dawakin kuma, abin da ya rage siminti ne da ba kowa zai gane ba. Wannan ma wani dalili ne da ya sa zanen gini zalla yake da kasuwa a wajenmu: babu fuska, babu dabba, babu mai ɗaga gira. Ka gaya wa mai zane tun farko ko kana son ya sa mutane suna wucewa, domin su al'adarsu ce su sa don a gane girman gini.

Dogon benen Independence House mai hawa 25 da ke kusa da dandalin, shi hoto ya ishe shi. Taga ce kan taga har sama. Biyan mutum ya zauna yana zana su ɗaya bayan ɗaya ɓarnar tawada ce. Haka ma Sakatariyar Tarayya ta Ikoyi, wadda ta zama kango bayan an koma Abuja. Barikin Dodan kuwa, duk da cewa daga can aka mulki ƙasar nan tun daga zamanin Gowon har zuwa 1991, kuma a hanyar zuwa can aka kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, ba wurin da za ka tura yaro da takarda da fensir ya tsaya yana leƙe ba ne. Kar ka jawo wa ɗan mutane.

Akwai wanda ya ba ni shawarar zauren Glover, saboda John Glover ne ya kafa rundunar Hausawa a Legas a 1863, wadda sojan Najeriya ke lissafa asalinsa daga gare ta. Hujja ce mai kyau ga ƙungiyar da ke son nuna daɗewar Bahaushe a Ikko. Sai dai ginin da ke tsaye yanzu ba shi ne na asali ba, don haka sai a fayyace wanne ake nufi.

Batun ciniki kuma, kada a yi shi da baki kawai. Mai zane zai nemi kafin alƙalami, kuma a nan kalmar ta zauna daram. Ka biya wani kaso, sauran sai ka ga zanen fensir ka amince, domin a matakin fensir ne ake gyara. In tawada ta hau, magana ta ƙare. A rubuta girman takarda da ranar kawowa. Sannan abin da mutane suka fi mantawa: sayen zanen bai ba ka ikon buga shi ba. Takardar taka ce, amma haƙƙin kwafi yana wajen wanda ya zana sai in ya sallama maka a rubuce. In kalanda za ku yi ko za ku raba kwafi, ku faɗa tun farko a sa a cikin farashi. Kuma kafin a rufe shi da gilashi a kai shi a ɗauki kwafinsa da na'urar sikana mai kyau, don in an rufe sai ƙyalli ya hana. Wanda aljihunsa bai kai na ƙwararre ba, ya leƙa wajen ɗaliban zane na Kwalejin Fasaha ta Yaba. Akwai masu hannu sosai, sai dai ka ba su lokaci kuma ka bi sawu.

Da za a ce in yanke wa mai tambaya hukunci: ginin da ke tsaye, mai sauƙin siffa, kuma yadda yake yau kake so, ɗauki hoto ka huta. Bugu mai yawa ko babban allo, zanen kwamfuta na hannun mutum. Ginin da ya ƙone, ko ya canza, ko aka danne shi, ko kuma kyauta ce ga wanda ya san wurin da idonsa, tawada. Fentin ruwa shi kaɗai sai in ka san bangon da za a rataya shi, ka kuma yarda da mai firem ɗinka.

Mu tsohuwar Sakatariya muka zaɓa, tawada a kan A2, da ɗan ja a bulon. Mai zanen ya je Marina sau uku. Da ya kawo na fensir na ce mu kai wa Kawu ya gani, ko da yake hakan ya fasa ɓoyon da 'ya'yansa suka so a yi. Ya sa tabarau, ya ɗora takardar a cinya, ya bi ta da yatsa daga wannan hasumiya zuwa waccan bai ce komai ba. Can sai ya tsaya a gefen hagu.

"Malam, a nan akwai bishiya. Ƙarƙashinta masinjoji ke ajiye kekuna."

Mai zanen ya ce, "Baba, ba ta cikin hotunan da na samu."

"To ni na jingina keke a jikinta."

Aka sa bishiyar. Keken ne muka yi ta muhawara a kansa, daga ƙarshe matar Kawu ta ce keke ai ba shi da rai, a sa guda ɗaya. Kwafi shida muka buga a Shomolu don 'ya'yan, na asalin kuma mai firem ya ce kada a sa shi a bayan motar kaya da gilashi a jiki, sai aka naɗe shi tsakanin kwalaye biyu, za a yi masa firem in an isa Kano.